Tarina da Kujerar Yaya Alhassan

Salamu alaikum jama'a. Na san na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu cewa na gudu Kumasi, masu cewa na sayar da waya, duk na ga saƙonku. Ban je ko'ina ba. Kwance nake.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Mumuni mai motokin, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, mai kai ruwa a Bawku. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutun.

Yayana Alhassan shi ke riƙe da firamaren unguwarmu. Riƙo kawai, ba a tabbatar da shi hedimasta ba. Ya gama shirin zuwa intabiyu sai korona ta zo, aka ɗaga. Aka sake ɗagawa.

Da aka buɗe makarantu, dokoki suka riƙa faɗowa cikin wayarsa. Yau a raba aji biyu, gobe a haɗa. Yau yara su tashi da azahar, gobe a'a. Kowace ƙofar aji a sa bokiti mai famfo da sabulu. Makarantar ba ta da rijiya, shi ya sa ni ke cika bokitan da safe. Doka ɗaya ce ba ta taɓa canjawa ba: in aka samu mai cutar, shugaban makaranta ya kai rahoto.

Abin ya fara mini da kasala da ciwon kai. Na ce maleriya ce, na sayi magani a kemis. Na'urar auna zafi ta bakin get ba ta taɓa kama ni ba, don iskar safe tana sanyaya goshin mai motokin.

Ranar da matar Yaya ta soya albasa da manja a gabana ban ji ƙanshi ba, na san wannan ba maleriya ba ce.

Sai tari. Sai numfashi. Na ɗaga jarka ɗaya na zauna a ƙasa ina haki.

Na ce masa, "Yaya, ka bar ni a ɗaki in sha magani. Ni ba ma'aikacinka ba ne, ba wanda zai tambaya. In ka faɗa, kujerar nan ta tafi."

Ya ce, "Wa ke taɓa kan famfon nan kafin yara? Tashi ka sa riga."

A asibiti suka zura mini tsinke mai auduga a hanci har hawaye ya zo. Sakamako ya fito, korona ce. Suka kai ni ɗakin da ba mai shiga sai nas, ita ma idanunta kawai nake gani. Suka maƙala mini wani abu a yatsa, ya yi ta ƙara. Suka sa mini robar iska. "Mumuni, kwanta rub da ciki." Na kwanta, na juya, na zauna, na sake kwantawa. Ba inda ya yi mini daɗi.

Akwai wani dattijo a gadon kusa da ni, yakan tambaye ni ko lokacin salla ya yi. Wata safiya na ga an cire zanen gadonsa. Ban tambaya ba. Na ji tsoro, wallahi na ji.

Wasu magungunan sai an sayo a waje. Yaya ya sayar da babur ɗinsa, bai gaya mini ba.

Mma, mahaifiyarmu, ta hau lori daga Salaga. Gwaggo Memuna ta taso daga Yendi da kwanon fura. Aka tsayar da su a get ɗin asibiti. Suka nufi gida, suka tarar da ƙofa a rufe, don an ce Yaya da iyalinsa su killace kansu. Matan unguwa ma suka zo dubiya da kokonsu, suka koma da shi.

Kun san mu. Ba a rufe wa mai dubiya ƙofa. Da aka rufe, ba sai an gaya wa kowa komai ba.

Gwaggo ta kira ni tana faɗa: "Yayanka boko ya hau masa kai! Ni da na yi masa wanka yana jariri zai gaishe ni ta taga?" Ina so in yi dariya, tari ya hana ni.

Yaya ya kai rahoto kamar yadda doka ta ce. Kafin a gama fesa magani a azuzuwa, an riga an sa wa makarantar suna: makarantar korona. Iyaye suka kwashe 'ya'yansu. Duk nas da ta shigo sai in tambaye ta labari. Dokta ya ce, "Kai, numfashinka za ka kula da shi, makaranta tana da masu ita."

Ofishin ilimi ya turo wani malami ya riƙe wurin kafin Yaya ya fito. Mutumin kirki ne. Da shi iyaye suka fara dawo da yara, shi aka tabbatar. Yaya ya koma koyar da aji biyar.

Ranar da aka sallame ni, na durƙusa a gabansa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Yafe me? Kai ka ƙirƙiro tarin? Tashi, ƙafafunka kamar tsintsiya."

Alhamdu lillahi, yanzu ina hawa motokin, ko da yake ina saurin gajiya. Ba yaro ko ɗaya da ya kwanta. Na gode wa nas-nas ɗin nan da har yau ban san fuskokinsu ba. Na gode wa Mma da ta haƙura ta yi mini addu'a daga bayan katanga.

In zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya, ku je asibiti. In ƙanshi ya ɗauke muku, kada ku shiga cikin yara. In aka rufe muku ƙofar dubiya, ku kira a waya, ba wulaƙanci ba ne.

Ku kuma iyayen 'yan aji biyar da har yanzu kuke riƙe da su a gida, ni ne na yi ciwon. An gwada Yaya, ba shi da komai. Don Allah ku mayar masa da su. Kullum yana goge allo, ya tsaya gaban rabin aji yana duban ƙofa.