Kwakwar da Umma ta jefa a bola

Shekarun baya, lokacin da mahaifina ya kwashe mu daga Kano zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin saboda harkar kayan da yake aikawa gida, aka sa ni makarantar 'ya'yan baƙi a unguwar Tianhe. Abin da na fara gani da na shiga aji shi ne wasu ƙafafu babu takalmi a ƙarƙashin tebur. Mai ƙafafun ta cire takalmanta ta jera su gefe, kamar wadda za ta shiga masallaci. Dama ni kullum kaina a ƙasa yake, kunya ba ta barina in kalli fuskar mutum, don haka kusa da ƙafafun na zauna.

Ita ce ta zama ƙawata, ita kaɗai kuwa. Daga wani ɗan tsibiri take a tsakiyar teku, ana ce masa Takuu, mahaifinta yana karatu a jami'a. Da guntun Turancinmu muka riƙa musayar kalmomi lokacin tara. Na ba ta kifi, ta ba ni ika. Na ba ta kwalekwale, ta ba ni vaka. Da muka zo kan kwakwa sai na ji kunya, domin ni kalma ɗaya gare ni. Ita kuwa ta fara da niu, ta yi ta jero sunaye: ɗanya da sunanta, mai ruwan sha da nata, busasshiya da nata. Ta ƙarshe ita ce uto. Wai idan kwakwa ta faɗi ta tsiro, ruwan cikinta yakan zama wani farin curi mai laushi, kakarta ce take fasa mata.

Ta ce, "Wannan ba ta fassaruwa. Sai kin ci."

Daga ranar ba ta ƙara neman musaya ba, ni kuma na tsorata kada ƙawancen ya mutu a kan kwakwa.

Wata rana na raka mahaifiyata wajen mai kayan marmari a bayan titin Liuhua Lu. Can ƙasan tulin kwakwarsa na hango ɗaya ta fito da ɗan koren tsiro. Ban iya buɗe baki ba, nuni kawai na yi. Mutumin ya yi dariya, ya cusa min ita a leda, alamar dama zubarwa zai yi. Na ɓoye ta a baranda bayan bokiti, na gayyaci ƙawata gidanmu ranar Asabar.

Abin da na manta shi ne yadda Umma take karɓar baƙo. Tun safe ta wanke gidan tas, ta ɗora tuwo da miyar kuka. Ƙawata na zama na ruga baranda. Wayam.

Na ce, "Umma, ina kwakwata?"

"Ruɓaɓɓiyar nan mai ƙaho? Na zubar. So kike a ce mun ba baƙuwa abin da ya lalace? Ga sabuwa can na yanka muku."

Na tsaya hawaye na zuba. Ƙawata ta tambaye ni me ya faru, na gaya mata. Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba, ta ja hannuna muka sauka ƙasa wajen manyan durom ɗin shara. Ni ina riƙe da murfi, ita rabin jikinta a ciki, sai muka ji muryar Umma daga bene.

"Innalillahi! Baƙuwata a bola! Ke, ba ki gaya mata akwai tuwo ba ne?"

Yayana ya leƙo yana ƙyalƙyala dariya. "Umma, ki bar su, wataƙila miyarki suka gani."

Mun sami kwakwar. Ƙawata ta wanke ta, ta karɓi babbar wuƙar Umma, ta juya bayan wuƙar, ta buga wa kwakwar tsakiya. Ga farin curi kamar auduga. Ta gutsura, ta rufe ido. Sannan ta miƙo min. Laushi, ɗan zaƙi, yana narkewa a baki.

Umma ta ce ita ba ta cin abin bola. Da aka matsa mata ta ɗanɗana "don kada baƙuwa ta ji haushi." Sai da ta ƙara sau biyu, tana cewa, "Ikon Allah, mu duk kwakwa ce, ashe har da mai ciki."

Yawancin kalmomin nan sun gudu daga kaina yanzu. Waɗanda na ji da kunne sun tafi, wadda na tauna tana nan.

Da muka koma wajen mai kayan marmarin, Umma ta tura ni gaba da gwiwar hannu. Ban taɓa yi wa wani magana da Sinanci a waje ba. Na kira shi maigida da yarensu, na ce, "Laoban, duk wadda ta tsiro kada ka zubar. Don Allah ka ajiye mana."