Rubu'in tanki zuwa Gidan Sori

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina ɗaukar mutane da kaya tsakanin Gazawa da Maradi, kuma ban taɓa yasar da fasinja bisa hanya don ƙarewar mai ba. Duk wanda ya zauna tashar Gazawa a zamaninmu ya san haka. Mota uku na riƙe a rayuwata. Ta fari mai shan asans ce, wato fetur, tsohuwa tun ranar da ta zo hannuna, ga ƙishi kamar raƙumin da ya daɗe bai ga rijiya ba. Biyun da suka biyo ta na gazuwal ne, wato man dizal, kuma su suka raini iyalina, domin motar gazuwal in ta samu doguwar hanya da kaya mai nauyi, kurɓa take yi inda mai asans ke kwankwaɗa.

Tsimin mai kuwa ba da ka na same shi ba. Wani dattijo na Gidan Sori ya koya mani, wanda na yi shekara bakwai ina bin motarsa. Karatunsa gajere ne. Kada ƙafa ta yi nauyi. In an zo gangara a zare giya a bar mota ta sulala da nauyin kanta. Birki kuwa a nisance shi, domin duk gudun da ka kashe da ƙafarka mai ne ka tsiyayar a ƙasa. Ranar da na bar shi don in riƙe tawa motar, mun rabu da magana mai ɗaci. Ni na faɗe ta, a tsakiyar tasha, gaban mutane. Bayan haka mun yi ta gaisawa a wurin suna da jana'iza, amma ban taɓa buɗe baki na ce ya yafe mani ba.

Wata bazara mai ya yi wuya a ƙasarmu. Kwalaben da ake jerawa bakin hanya suka ɓace, abin da ke ƙetarowa daga kudu ya yanke, gazuwal kuwa ko na gani da ido babu a Gazawa. Cikin wannan hali saƙo ya iso cewa dattijon nan ya kwanta, ya bar cin abinci, ana ta kiran dangi. Na leƙa tankin motata, abin da ke ciki ko Agye ba zai wuce da ni ba. Motocin haya sun tsaya cik. Na zauna a zaure ina jin cewa zai tafi da maganata a wuyana.

Ɗiyata ta fari ungozoma ce a likitar Agye, wato asibitin garin. Ta sayi wata mota ta hannu, irin waɗanda ke tafiya da asans da batir a haɗe, wadda na sha yi wa dariya a majalisa. To, tsakanina da ita akwai kunyar ɗan fari, irin wadda muka taras iyayenmu na yi. Tun da aka haife ta ban kira sunanta ba, ban zauna hira da ita ba, in ina da magana uwarta ke kai mata. Uwar ce ta buga mata waya. Da hantsi sai ga ta. Ta durƙusa ta gaishe ni, sa'an nan ta shaida wa uwarta, yadda zan ji, cewa man rubu'in tanki ne da ɗan abin da ba a rasa ba, zai iya kai mu in hanya ta yi kyau, amma ba ta ɗauki alkawari ba. Na miƙa hannu, ta aza mani makulli, ta nuna mani da yatsa inda ake dannawa, ta shige baya ta zauna.

Bayan Agye muka iske wata tsohuwar Bafillata tsaye cikin rana da ƙwarya a ka, za ta Tibiri duba jikanta. A tarbiyyarmu ba a wuce babba da kujera babu kowa, ko da man cokali ɗaya ya rage. Na tsaya, ta shiga kusa da yarinyar.

Na tuƙa motar nan yadda na iya, kuma na iya. Kowace 'yar gangara in zare giya, birki kuwa sai dole, in dole ta zo in taka shi gaba ɗaya. Abin da ya dame ni shi ne duk sa'ad da na mai da giya sai injin ya tashi da gurnani, ya daɗe bai lafa ba. Ta madubi ina ganin yarinyar tana leƙen allon gaba tana sunkuyar da kai. Haka muka wuce Cadawa.

A shingen jandarma na shiga Maradi muka tarar da layin manyan motoci. Na zare giya na jira, na'urar sanyaya mota tana kunne saboda tsohuwa. Can sai motar ta kama kuka, wani rubutu ya fito wanda ban iya karantawa ba, allurar mai kuwa ta sauka fiye da yadda lissafina ya ba ni. A nan ne yarinyar ta juya wajen tsohuwa, ta ɗaga murya kaɗan.

"Inna, in ana tatsar saniya ba a kai ta kiwo, me ke faruwa?"

"Ƙafewa za ta yi, ɗiyata. Wane marar imani ne ke haka?"

"To haka motar nan take. In an zare mata giya, an ɗaure ta ga turke ke nan, tana ba da nono ba ta ci. Kiwonta shi ne a bar ta cikin giya, a riƙa taɓa birki sannu-sannu tun daga nesa. Da wannan take cika batirinta."

Tsohuwa ta ce ita da ko keke ba ta taɓa hawa ba, me ya haɗa ta da birki. Sa'an nan ta dubi ƙeyata, ta dubi yarinyar, ta yi wata 'yar dariya ta ce, "To, Allah ya sa mai garken yana da kunne."

Ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci. Abin da na rayu a kansa, wanda na koya wa direbobi da yawa, shi ne aka ce yana zubar da mai, kuma a bakin wadda na haifa. Na yi niyyar in fita in bar masu motar. Amma na tuna wanda ke kwance da abin da ke kai ni wurinsa, sai na mai da giya, kukan ya tsaya. Na gyara murya na ce wa tsohuwa, baiwar Allah, ta tambayar mani yarinyar yadda ake bi da motar a cikin gari. Haka muka ratsa Maradi, ina tambayar Bafillata, yarinya tana ba Bafillata amsa, tsohuwa kuwa tana ƙara nata gishiri, har tana ce mani malam makiyayi.

A cikin garin nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Inda motata ta gazuwal ke ƙona mai a banza, bayan amalanke da 'yan kabu-kabu, a tsaya a tashi, nan wannan ke yin tsit tana tafiya da batir, allura ba ta ko motsi. Da muka hau kwalta sosai kuwa injin ya kama aiki kamar na kowace mai asans. A irin wannan hanya, da mutum tara da buhunan wake a sama, har gobe ina tsaye kan cewa gazuwal ta fi ta. Kowace da inda Allah ya ba ta.

A Tibiri tsohuwa ta sauka, ta sa mana albarka, muka rasa mai kai saƙo. Ba mu daɗe da sauka daga kwalta ba fitilar mai ta kama, ga rairayi a gaba, ga mota mai ƙasa-ƙasa. Na tsaya na rage iskar tayoyi, domin wannan karatun nawa ne, babu allon da ke faɗinsa. Da na komo na zauna, na dubi hanya na ce, "Ke, za ta kai?"

Ta ce, "Za ta kai, Baba, in ba mu kafe ba."

Na ce kafewa kam ta bar mani. Na bi sawun amalanke, ban tsaya ba, ban yi gaggawa ba, har rumbunan Gidan Sori suka bayyana ana kiran la'asar.

Na iske shi da sauran numfashi, idanunsa a rufe. Na durƙusa na yi sallama, ya gane muryata. Na faɗi abin da na zo faɗi, na ambaci ranar da wurin, ban rage kome ba. Sa'an nan ya lalubo hannuna ya ce ya yafe tun kafin in fita daga tashar, shi ma in yafe mashi zafin da ya yi mani. Kwana biyu bayan haka ya cika, ina cikin waɗanda suka ɗauke shi.

Na gode wa Allah da ya ja mashi kwana har na iso. Na gode wa tsohuwar nan da ban san rugarsu ba, ban kuma sake ganinta ba. Ita kuwa yarinyar, a daren jana'izar ban aika kowa ba, da bakina na sa mata albarka, tana durƙushe a ƙofar zaure tana amsawa da amin.