Kilishin da Muka Kai wa Mamaci

Wata Asabar a damunar 1998, ina 'yar shekara goma, na tsaya a ɗakin otal ɗinmu a Guangzhou ta ƙasar Sin ina kallon Baba yana naɗe kilishinmu na ƙarshe cikin takarda. Da ɗokina na biyo shi sarin kaya wannan hutun, amma mako uku na shinkafa ba mai ba yaji sun ishe ni. Aikina kullum wanke kofunan shayi da shanya safa a taga, ladana kuwa ɗan yankin kilishi da la'asar. Shi ne kaɗai abin da ke min ɗanɗanon Kano, ga shi za a bayar.

Dalili kuwa, Lawban, wato Basinen da Baba ke sayen riguna a wurinsa, ya ce zai kai mu gidan wani babban mutum mai tsara waƙoƙin wasan kwaikwayonsu. Baba ya zumbula babbar riga, ya fesa turare. Da na fara ƙunƙuni ya ce, "Ba a zuwa gaban babba hannu rabbana, Hadiza."

Gidan tsoho ne, mai jan ƙyaure da ƙaramin tsakar gida. Baba ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya sa na tuɓe nawa, ya rangaɗa sallama har sau uku, mutane suna wuce mu da takalmansu suna kallonmu. A ciki komai na bayan gilashi: alƙalami, tabarau, takardun da aka cika da zane-zane, riguna masu dogayen hannuwa, da wani abu kamar goge. Wata rediyo tana ta sakin siririyar muryar mace da ta shige min har cikin haƙori. Muka zauna a benci, Baba ya ɗora ƙunshin a cinya, muna jiran maigida ya fito. Ƙafafuna suka yi sanyi, cikina yana kuka, ƙamshin kilishin yana dukan hancina.

Da jiran ya yi yawa Baba ya tambaya. Lawban ya nuna wani hoto a bango, da guntun Turancinsa ya bayyana cewa mutumin ya rasu tun kafin a haife ni, gidan tarihi ne kawai. Wallahi daɗi na ji, na ce kilishina ya tsira.

Ina! Baba ya girgiza kai, ya nemo tsohuwar da ke share gidan, ya yi mata ta'aziyya da Hausa tsantsa, ya miƙa mata ƙunshin da hannu biyu. Tsohuwar ba 'yar uwar mamacin ba ce, ma'aikaciya ce, haƙoranta ma ba su fi huɗu ba. Na ja hannun rigarsa, ya ce, "Abin da ya fito da sunan kyauta ba ya komawa gida." Haushi ya sa na yi kwana biyu ban yi masa magana ba. Ya sayo min lemo, ya yi min wasa, na juya masa ƙeya.

Yanzu ni ke zuwa sari garin, kuma Hausawa sun yi yawa har kilishi ake kawo maka ɗaki. Baba ya rasu, huluna da rigunansa an rabar cikin mako guda, ko tabaransa ba a ajiye ba. Tafiyar nan ita kaɗai muka taɓa yi ni da shi, kuma na zubar da kwana biyu a cikinta. Har yau haushin nake ji, amma na kaina.