Uwar Gilasai da Ciwon da Ke Dawowa

Yayata tana da in'ina tun tana ƙarama. In Inna ta aike ta kanti, ta gwammace ta nuna abu da yatsa da ta tsaya kokawa da sunansa. Shi ya sa da ta gama karatun likita ta ce ita a ɗakin gwaje-gwaje za ta zauna, ba wanda ya yi mamaki a gidanmu sai Baba, wanda ya riga ya gama yi wa abokansa alƙawarin allura kyauta.

"To wa za ki riƙa dubawa a can?" in ji shi.

"Ts-tsoka, Baba."

"Tsoka? Ashe mahauciya na haifa ban sani ba."

Ga yadda aikin nata yake. In likitan tiyata ya yanko ƙari daga jikin mutum, sai a kawo mata a 'yar kwalba. A daskarar da shi cikin kaki irin na kyandir, a yanka siriri fiye da ɓawon albasa, a shimfiɗa kan ɗan gilashi, a rina. Ita kuma ta sa a madubin likita mai ƙara girman abu, ta faɗi ko ciwon daji ne ko ba shi ba ne. Ɗakinta yana can ƙuryar asibiti bayan wurin wanki, taga ɗaya, ga warin magani mai sa hawaye. Gilasai a kan tebur, a kan kujera, har a kan murfin kwanon abincinta. Ma'aikata suka sa mata Uwar Gilasai, sunan kuwa ya bi ta.

A ɗakin nan ta lura da abin da ya cinye mata ƙuruciya. Mata masu sankarar mama, yawancinsu da sauran ƙarfinsu, a yi musu aiki lafiya lau a sallame su. Wasu su ci gaba da harkarsu, wasu kuma ba a jima ba su dawo ciwon ya bazu. A ido, ƙarin nasu iri ɗaya ne. Amma da ta gwada wani rini na musamman, sai ta ga na waɗanda suka dawo yana yin ruwan ƙasa. Rinin yana kama wani sinadari ne da ƙwayoyin ciwon ke yi. Sunansa haruffa da lambobi kamar lambar mota, ta sha faɗa mini ban riƙe ba. Tunaninta shi ne, in sinadarin yana zuba cikin jini, to da ɗan jini kaɗan za a gane wadda ciwonta zai dawo tun bai dawo ba.

Shugaban sashensu ya saurare ta har ta gama, ya ce, "Dakta, wannan aikin manyan cibiyoyi ne. Mu nan ko rinin yau da kullum yankewa yake yi." Ba ta yi musu ba. Da ƙyar ta samu wata ƙungiya ta ba ta babbar firiza mai tsananin sanyi. Wata nas tana neman mata izinin marasa lafiya, ita kuma tana adana jini da tsoka. Haka aka kwashi shekaru. Ta yi aure a ciki, ta haihu a ciki, firizar tana cika.

Ni ne autanmu, gyaran firji ne sana'ata. Wata safiya bayan dogon hutu ta kira ni ta ce, "Auta, zo yanzu." Na tarar da ruwa ya malale har bakin ƙofa. Wutar lantarki ta yi ta rawa cikin hutun, injin firizar ya ƙone, kuma ba kowa a wurin. Na durƙusa na buɗe bayanta, ƙauri ya buge ni.

"Yaya, wannan ta mutu. Abin da ke ciki fa?"

Ta ɗaga wata 'yar kwalba ta duba ta a hasken taga. "Ya lalace. Duka."

Na jira in ga ta yi kuka. Sai ta ɗauko tsumma da bokiti ta fara goge ƙasa. Na ce ta bari in kai ta gida.

"Akwai m-masu jiran amsa yau," ta ce. "Su ba ruwansu da firizata." Ta wanke hannu ta zauna gaban madubinta.

A gida ne abin ya fito. Ta daina cin abinci sosai, ta rame. Maigidanta, malamin makaranta ne mai sanyin hali, ya ce mata wani asibitin kuɗi yana nemanta, ta je ta huta da wahala. Ta ce, "Matan nan hannu suka miƙa aka ɗebi jininsu. Wasu sun rasu. In na bari, na zubar da shi sau biyu ke nan." Ya dube ta ya ce, "To ci abinci tukuna. Mai jin yunwa ba ya faɗa da daji."

Ta sake daga farko. Sai dai an yi wa nas ɗin nan canjin wurin aiki, dole ita da kanta ta shiga ɗakin mata, gado-gado, tana neman izini da bakin da ba ya yi mata biyayya. Ranar farko ta tsaya kan wata tela da aka yi wa aiki, kalmar "bincike" ta maƙale mata a wuya, gumi ya keto mata.

Telar ta ce, "Likita, zauna ki huce. Ni dai kin ga ba inda za ni."

Ta zauna a bakin gado ta yi bayani a hankali har ta kai ƙarshe.

"Wato abin da aka yanke mini kike so? Ɗauki mana, da ma ban ce a ƙunsa mini in tafi da shi gida ba. Amma zai warkar da ni?"

"A'a. B-ba ke ba. Wataƙila na bayanki."

Matar ta naɗe hannun rigarta. "Ina da 'ya'ya mata. Ɗebi."

Wasu sun yarda, wasu sun ƙi. Wani miji har ya kore ta da tsawa, wai za a sayar da jinin matarsa. Washegari ta koma ta gaishe su, ta wuce gado na gaba. Da aka samu sabuwar firiza, ta sa na haɗa mata ƙararrawar da za ta buga mata a waya in sanyi ya ragu, ta kuma raba komai biyu ta kai rabi wani gini daban. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Da aka tara isasshe aka auna, amsar ta zo rabi da rabi. Jinin bai nuna komai ba. Abin da ta fi ƙwallafa rai a kai, shi ne ya ƙi. Ta rubuta hakan yadda yake ta buga a mujallar likitoci, don kada wani ya ɓata shekarunsa a wannan hanya. Amma rinin tsokar ya tsaya da ƙafarsa: matan da nasu ya yi ruwan ƙasa su ne suka fi dawowa. Yanzu a asibitinsu da wasu na kusa, in ƙari ya ɗauki wannan launi, ba a sallamar mace a ce sai ta ji ciwo ta dawo. A ƙara mata magani, a riƙa kiran ta akai-akai. Telar ba ta ga wannan rana ba. Yaya ta je ta'aziyya, ta daɗe zaune da 'ya'yanta.

Bana furfura ta cika mata kai, yanar ido kuma ta fara rufe mata idon dama. Ni na kai ta aka cire. Muna fitowa, ido ɗaure da auduga, tana riƙe da kafaɗata, likitan ido ya ce ta nisanci aiki sai ya ba ta izini.

Ta ce, "Na hagun fa? Ai shi ba ku taɓa shi ba."

"Dakta, hutu na ce."

Da muka shiga mota na kama hanyar gida, sai ta taɓa ni. "Auta, bi ta asibiti. An kawo mini tsokar hanta daga wasu garuruwa, ina so in ga ko ɗalibaina sun jera su daidai. Ba zan duba ba, tsayawa kawai zan yi."

Na san ƙarya ce, amma na juya kan motar.