Malam Hamani, Wa Zan Yi Wa Gardama Yanzu?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Agustan 2025, ina gona ina maimai aka aiko mini cewa Allah Ya karɓi ran Malam Hamani, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, a nan Filingue. Na ajiye hauya na zauna cikin gero, don ban san wanda zan je in gaya wa ba. Duk abin da ya same ni, ku nake gaya wa, Malam.

Ban taɓa zama ajinku ba. An kore ni daga lakwal tun ina ƙarami saboda bakina, sauran karatun da kaina na ƙwace shi. Da faɗa muka san juna. Kun ara mini wani littafin Faransanci da aka rubuta shekara ɗari da suka wuce, na mayar da shi ina zagi. Na ce marubucin macuci ne: ba farko, ba ƙarshe, jimla tana gudu ba tsayawa, miji da mata suna zaune ana cin abinci amma sai tunaninsu kawai ake ji, kowa na yawo a kansa. Kuka bar ni na gama, kuka zuba mini shayi, sannan kuka ce in gaishe ku. Na gaishe ku a fusace, kuka amsa lafiya lau, ni ma na ce lafiya lau. Sai kuka ce:

"To, Ibrah, ƙafata ta hana ni barci tun jiya, kai kuma kana ji kamar ka mare ni. Duka mun ce lafiya lau. Mutumin nan ya rubuta abin da ke bayan gaisuwar ne."

Daga ranar na gane cewa marubutan wancan zamanin ba su ce wa mai karatu ga kaɗaici ba. Sun rufe shi cikin kan mutum ɗaya, sun hana shi fita, har ya ji shi a jikinsa. Kun nuna mini dalilin da ya sa labari ke tsalle daga yau zuwa ƙuruciya ba sallama: haka tunawa take zuwa wa mutum. Ban yarda da ku a komai ba. Har yau ina cewa wasunsu rainin hankali suke yi, kuma kun san ina da hujja.

A wurin zaman makoki kowa ya yabe ku, ya ce mutum ne mai haƙuri. Gaskiya ne. Amma waɗanda suka riƙa ce muku mai karatun banza su ne suka fi ɗaga murya, kuma a nan na ji wani yana tambaya ko za a ba masu ƙosai littattafanku su riƙa naɗe ƙosai da takardun. Darajarku ce ta hana ni zaginsa, abin da ban saba ba.

'Yarku Hasana ta ce in zo in kwashe littattafan kafin ta koma Yamai. Zan kwasa. Sai dai duk ƙasarmu ta Kurfai ban san mutum ɗaya da zan ce wa ban yarda ba ya yi murna.

Allah Ya jiƙan ku, Malam, Ya haskaka kabarinku, Ya sa kuna tare da mutanen kirki. Allah Ya bai wa Hasana da dangi haƙuri. Ni ma a sa ni cikin masu karɓar gaisuwa.