Kukumar Jamusawa a Gafasa

Shekarar da kwalejinmu ta tura ni gwajin koyarwa firamaren Gafasa, abu biyu ne a kaina: littattafan soyayya da nake haya a kasuwar Ajingi, da wata 'yar Gaya wadda magabatana suka riga suka je gaisuwa gidansu. Bincike kawai ya rage. Iyayenta sun ce za su turo wanda zai dubo halina a inda nake aiki, amma ba su faɗi rana ba.

Hedimastanmu dattijo ne gajere mai tsabta. Ya taɓa shiga tawagar malaman da aka kai Jamus ziyarar 'yan makonni, aka zaga da su wata tsohuwar kwalejin horar da malamai. Jikinsa ya dawo, hankalinsa yana can. Kuma ba kwalejin yanzu ce ta tafi da shi ba, tarihinta ne.

A ƙarni na goma sha tara, in ji shi, makarantar kwana ce ta samari zalla, yawancinsu 'ya'yan manoma da masu sana'ar hannu. Shekara uku ake yi. Ƙararrawa ke tashinsu, ita ke kwantar da su. A jikin makarantar akwai wata 'yar firamare ta gwaji, inda 'yan shekarar ƙarshe ke koyar da yara na gaske, shugaba yana zaune a baya, sauran ɗalibai suna jere jikin bango, in an tashi a taru a feɗe darasin. Ban da lissafi da addini da harshe, ana koya musu dashen itatuwa da kiwon zuma. Sannan kowa sai ya iya wani irin goge nasu da ake saƙalawa ƙarƙashin haɓa, domin malamin ƙauye shi ke koya wa yara waƙa. Daga baya aka fara ɗaukar mata, aka daina kwana, aka raba sassa, na masu koyar da ƙanana daban, na manya daban. In ya zo nan sai ya kaɗa hannu, wai daga nan abin ya fara lalacewa.

Wata safiya ya tara mu a ofis ya ce Gafasa ma za ta bi tsohon tsarin. Malamin lissafi ya karɓi lambu. Malamin Arabiyya ya karɓi zuma, da sharaɗin ba shi zai hau bishiya ya rataya amya ba. Da aka zo kan kiɗa, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ni na ɗaga hannu.

Ba horar da malamai nake tunani ba. Hango kaina na yi a gindin dalbejiyar ƙofar gidan su 'yar Gayan nan da la'asar sakaliya, ina jan wani sauti mai ratsa zuciya, ita kuma ta rufe fuska da gefen mayafi, hawaye na bin kumatunta kamar yadda suke bin kumatun 'yan matan littattafaina. Ko kaɗan bai faɗo mini ba cewa a garinmu mai riƙe da goge ko kukuma yana da suna, kuma sunan ba malam ba ne.

Gogen Jamusawa dai babu shi, sai hedimasta ya yanke cewa kukuma ƙanwarsa ce. Ran kasuwar Ajingi nakan zagaya bayan 'yan gyaɗa wajen wani tsohon makaɗi. Ya nuna mini yadda ake shafa wa izga ƙaro, da yadda ake danne tsirkiya. Da na ja karon farko ya toshe kunne ɗaya.

"Malam, kiɗa ta za ka yi ko yanka ta?"

Da na je zance Gaya na ba yarinyar labari cikin alfahari, sai ta dafe ƙirji.

"Kukuma? Kai da hankalinka? Ka san wa za a turo bincike? Baffa ne fa. Shi ne ya kori manemin yayata don kakansa ya taɓa riƙe kalangu."

"Ai wannan ilimi ne. Jamusawa..."

"Jamusawan ne za su ba ka mata? Ka ɓoye ta, don girman Allah."

Na yi alkawari. Sai dai kukumar a ofishin hedimasta take kwana, kusa da ƙwallon makaranta.

Ranar da abin ya faru ina aji huɗu ina koyar da sassan tsiro. Ta taga na ga wani mai babbar riga ya kafe babur a inuwa. Na san shi, Baffan nata ne, na sha ganinsa kan dakalin gidansu yana amsa gaisuwata da ƙyar. Hedimasta kuwa da ya ga riga da hula sai ya ɗauka babban baƙo ne daga ofishin ilimi, Baffa kuma bai gyara masa ba. Kafin in share allo an ajiye masa kujera a bayan aji, malamai sun jeru jikin bango, daidai yadda ake yi a Jamus. Hedimasta ya shigo da kukuma a hannu, fuskarsa kamar ranar salla.

"Ranka ya daɗe, wannan ne malamin kiɗanmu. Malam, bisimilla."

"Yallaɓai, tsirkiyar ta yi sanyi."

"Ta ɗumama a hannunka."

Na dubi Baffa. Ya harɗe hannu yana jira. Ƙarya dai ta ƙare, kukuma tana hannuna, an kuma kira ni da sunanta. Sai zuciyar littattafai ta motsa: in rasa yarinyar zan yi, gara in rasa ta da kiɗan da zai kai labari Gaya. Na rufe ido, na tuno ta, na ja izga da dukan abin da ke raina.

Abin da ya fito ya yi kama da ɗan akuyar da kansa ya maƙale a danga. Yara suka daure, suka daure, sannan aji ya fashe. Wata tunkiya a bayan taga ta amsa mini. Malamin Arabiyya ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Ni ban tsaya ba sai da na kai ƙarshen waƙar, ko da yake ban da ni babu wanda ya san waƙa ce.

Baffa ya taso a hankali. Ya zaro kuɗi daga aljihu ya ɗaga a gabana.

"To, maroƙi, wasa ni mu ji."

Na buɗe baki. Duk yabon da na haddace a duniya na dara-daran idanu ne da wushirya da tafiyar hawainiya. Na dubi gemunsa, na dubi tumbinsa, babu inda ko ɗaya zai zauna. Na rufe bakina. Ya mayar da kuɗinsa, ya juya ga hedimasta.

"Malam, su Jamusawan haka suke kiɗa ta?"

"Ai farawa ya yi, ranka ya daɗe. Su shekara uku suke yi."

"Allah ya ba yaran nan haƙuri."

Ya hau babur ya tafi, ko sallama bai yi mini ba. Kwanakin da suka biyo baya na yi su kamar gwarzon littafi a babin tsakiya, ba ci sosai, sai kallon hanyar Gaya. Da Juma'a ta zagayo na tafi jin hukunci. Ta fito tana danne dariya da mayafi.

"Baffa ya tara su Abba. Ya ce yaron ba maroƙi ba ne, ko ya so ba zai iya zama ba. Ya ce in da kukumar nan za ka ciyar da ni, gara a haɗo ni da buhun gero. Wai a sa rana."

Farin ciki ya kama ni, amma hukuncin da ya yanke wa kiɗana bai yi mini daɗi ba.

"Ai bai yi mini adalci ba. Ban gama koyo ba fa."

Ta dube ni da idanun nan da na tanadi yabonsu.

"Kar ka gama," in ji ta.