Shekarar da Tururuwa Ta Bar Gidanmu

Rumbu biyu gare mu a ƙauyenmu na wajen Buji: ƙarami, wanda muke ci daga ciki tun kaka, da babba, wanda ba a taɓa shi sai damina ta kankama hatsi ya yanke a gidaje. Babban nan Baba kaɗai ke hawansa. Mace ba ta leƙa rumbun maigida a wajenmu. Ko Inna, da ta haifa masa mu duka, ba ta san kalar cikinsa ba.

Shekarar da nake faɗa, ba a daɗe da mai da Dutse babban birnin jiha ba, yayyena maza duk sun tafi can leburanci. Ruwa kuma ya ɗauke gero bai gama ƙosawa ba. Baba ya ɗaure abin da ya samu, ya zuba shi kaɗai, ya rufe. "Alhamdu lillahi," ya ce, bai ƙara ba.

Sai ga tururuwa. Hanya guda baƙa wuluk, daga gindin babban rumbu ta ratsa tsakar gida har raminta a bayan madafa, kowacce da ƙwayar gero a baki. Ni fa na tsani tururuwa har gobe. Ina budurwa lokacin, ga zafin kai, sai in ɗau tsintsiya in yi ta dukansu ina zagi. "'Yan banza! Abincin daminarmu kuke jida a kan idonmu?"

Inna ta zagaye rumbun da toka, suka tsallake. Ta daka barkono ta ɗura a ramin, mu muka sha atishawa. Kalanzir na wahala a shekarun nan, amma ta tsiyaye na fitilarta ta zuba. Na tafasa ruwa zan kwara, Baba ya daka min tsawa: "Kul! Kin san wa ke ƙarƙashin ƙasar nan?" Haka muka ci rani, mu toshe nan su ɓullo can.

Wata safiya da bazara na fito shara, babu ko ɗaya. Hanyarsu na nan a ƙasa, fes, ba mai bi. Na rangaɗa guɗa. "Inna, mun ci su!"

Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga. "Wane magani kuka samu? Mu kam ba sa barin gindin rumbunmu, sai dai in..." Ta gyara ɗankwali, ta koma.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta taka a hankali ta je jikin babban rumbun, ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Ya amsa kamar tulun da ba ruwa. Ta juya ta kalli ƙaramin, wanda ya kamata a ce ya ƙare tuntuni amma kullum Baba na fito mana da dami daga ciki. Nan na gane. Ashe daga babban yake ɗiba yana mai da wa ƙaramin, don kada mu gane shekara ta ƙi.

Da hantsi Baba ya dawo daga sharar gona. Inna ta ajiye masa ruwa.

"Malam, tururuwa ta tafi."

"Na gani," in ji shi. Ya zauna yana kallon gabas, inda hadari ya fara haɗuwa. Ko shuka ba a yi ba tukuna.

Wallahi na so ta yi faɗa, ta yi kuka, ta yi wani abu. Ɗaki ta shiga, ta fito da tsakin da ta ajiye don kunun safe. Ta ɗebi tafi guda ta kama hannuna ta zuba min.

"Je ki watsa a gindin rumbun," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ki ja shi har bakin ramin. Su dawo, kafin wata ta sake leƙowa."